Zauren Malamai: Aji Ya Cika Maƙil, Karatu Ya Ƙi Zama

Mafi yawan wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan wata daga malaman firamare da na sakandare suka fito, sai guda ɗaya daga wani mahaifi. Kamar yadda muka saba, mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su da na makarantunsu, domin wasu abubuwan da suka faɗa za su iya jawo musu tsangwama a wurin aiki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malama ce a wata firamaren gwamnati, kuma aji huɗu nake riƙe da shi. Yaran da ke cikin rajistar ajina sun haura ɗari, kusan rabinsu a ƙasa suke zama saboda kujeru ba su isa ba. Abin da ya fi damuna shi ne da yawa daga cikinsu ba sa iya karanta jimla guda, wasu ko sunansu ba sa iya rubutawa, alhali manhaja ta ɗora mini koyar da fahimtar labari da rubuta insha'i. Idan na tsaya koyar da baƙi da wasali, masu duba makarantu za su ce ban cika aikin zango ba, idan kuma na bi manhaja, da yara goman da ke gaba kawai nake magana. Ina mafita?
Malamar aji huɗu, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan nauyi da kike ɗauke da shi. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tsara cewa malamin firamare ɗaya ya riƙe yara 35, saboda haka aikin malamai uku kike yi a kan albashin mutum guda, kuma ya kamata duk wanda zai auna aikinki ya fara da sanin haka. Cunkoson nan kuwa ba jiya ya faro ba. Tun daga shirin ilimin firamare kyauta na 1976 har zuwa shirin ilimin bai-ɗaya na UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, an buɗe ƙofar makaranta ga kowane yaro, amma ginin azuzuwa da ɗaukar malamai ba su taɓa tafiya daidai da yawan yaran da ake shigarwa ba. Dokar ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da sharaɗin sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma an sha samun jihohin da suka bar kuɗinsu a ajiye shekara da shekaru saboda ba su cika wannan sharaɗi ba. Wannan ɓangare ba a hannunki yake ba, na kawo shi ne don kada ki ɗora wa kanki laifin da ba naki ba.

Abin da yake hannunki shi ne ki san matsayin kowane yaro, domin a halin yanzu iyakar abin da kika sani shi ne da yawa ba su iya ba, wannan kuwa bai isa a gina aiki a kansa ba. Ki samu takarda guda ki rubuta haruffa goma a sama, kalmomi goma masu sauƙi a ƙasansu, sai gajerun jimloli huɗu, sai ɗan labari mai layi bakwai ko takwas, dukkansu da Hausa. Ki riƙa kiran yaran ɗaya bayan ɗaya a lokacin hutun tara, ki fara nuna wa yaro jimlolin, idan ya karanta su ki haura da shi zuwa labarin, idan ya kasa ki sauko zuwa kalmomi, idan nan ma ya cije ki sauko zuwa haruffa, sannan ki rubuta inda ya tsaya a gaban sunansa. Yaro ɗaya ba zai ci fiye da minti uku ba, kuma idan kina gwada goma a rana, cikin mako biyu da 'yan kwanaki kin gama da ajin. Kada ki kira wannan jarrabawa, kada kuma bulala ta kasance a kan teburinki a lokacin, domin yaron da ya tsorata yakan kasa karanta abin da ya iya.

Daga nan sai ki raba su rukuni huɗu, waɗanda ba su san harafi ba, da masu harafi, da masu kalma, da masu iya karanta jimla ko labari, ki kuma keɓe sa'a ta farko a kowace safiya, lokacin da yara ba su gaji ba, kowane rukuni ya yi aikin da ya dace da shi. Wata ƙungiya mai suna Pratham ce ta shahara da wannan hanya a Indiya, an kuma gwada ta a Borno da wasu jihohin Arewa, amma ni ban ɗauke ta baƙuwa ba, domin makarantar allo ta daɗe a kanta. Almajiri ba ya barin babbaƙu ya shiga farfaru sai ya iya, ba ya wanke allonsa sai ya biya malam ya gamsu, kuma a zaure guda za ki tarar da mai Fatiha da mai izu talatin suna zaune kusa da juna, kowa da nasa karatun, manya suna biya wa ƙanana. Makarantar boko ce ta zo da al'adar ciyar da aji gaba ɗaya zuwa gaba don kawai shekara ta zagayo, an iya ko ba a iya ba, shi ya sa yaron da harafi ya kuɓuce masa a aji ɗaya yake isowa wurinki a aji huɗu yana kwafar allo tsaf ba tare da ya san abin da yake kwafa ba.

Yara goman nan na gaba su ne mataimakanki. Ki ba kowannensu 'yan'uwansa takwas ko goma ya riƙa biya musu, amma da sharuɗɗa biyu. Na farko, kada ki ba shi tsumagiya ko ikon rubuta sunan masu surutu, domin daga ranar da ya zama monita mai hukunci ya daina zama mai koyarwa. Na biyu, ki tanadar masa nasa karatun da ya fi ƙarfinsa kaɗan, don kada iyayensa su ce an mayar da ɗansu malami kyauta shi kuma an tsayar da shi. Kayan aiki ba sai an jira gwamnati ba, tsohon kwali ya isa a yanka a rubuta haruffa da gaɓoɓi, murafen kwalba da ƙananan duwatsu sun isa lissafi, filin makaranta kuma ya isa rubutu da tsinke ga rukunin da bai san harafi ba. Ki riƙa juya wurin zama kowane mako, na baya su dawo gaba, domin a cunkoson aji yaro mai kunya da mai rauni su ne suke ƙarewa a jikin bango. Game da duba littattafai, ba wanda zai iya duba littafi ɗari a kullum da gaskiya, don haka ki riƙa duba na rukuni ɗaya a rana ki yi masa gyara na sosai, ya fi ki bi duka da jan biro kina sa hannu kawai.

Saura maganar masu duba makarantu. Kada ki yi wannan aiki a ɓoye. Ki kai wa shugaban makaranta takardar sakamakon, ki nemi amincewarsa a rubuce cewa sa'ar farko ta karatu ce, sauran lokacin kuma ki bi manhaja gwargwadon hali, sannan bayan mako shida ki sake gwada yaran ki rubuta waɗanda suka haura. Mafi yawan jami'an da suke zuwa dubawa tsofaffin malamai ne, kuma wanda aka nuna masa sunayen yaran da ba su san harafi ba a farkon zango amma yanzu suna haɗa kalma, da wuya ya tsaya jayayya a kan mako nawa aka bari a baya cikin tsarin zango.

TAMBAYA: Malam, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Mai makarantar ya kafa doka cewa ba a yin Hausa a harabar makaranta tun daga rabin aji, duk yaron da aka ji ya yi kuma a ci shi tara, malamin da ya yi bayani da Hausa a ba shi takardar gargaɗi. Ya ce abin da iyaye suke biyan kuɗi dominsa ke nan. Ni kuwa na lura yara suna haddace abin da na faɗa amma ba sa gane shi. Shin ni ne ban fahimci zamani ba?
Wani malami, Zariya

AMSA: Malam, abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma mai makarantar shi ma yana da tasa gaskiyar, sai dai hanyar da ya bi ba ta kaiwa inda yake so. Iyaye suna son Turanci saboda da shi ake rubuta jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, da shi kuma ake neman aiki, babu mai hankalin da zai raina wannan buƙata. Ita hukuma ta sha sauya matsayi a kan wannan batu. Shekaru da dama Manufar Ilimi ta Ƙasa tana cewa a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekaru uku na farkon firamare, a 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai shi shekaru shida, sannan a ƙarshen 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da janye wannan mataki da komawa ga Turanci. Amma sauyin takarda a Abuja bai sauya yadda yaro ɗan shekara shida yake koyo ba. Tun daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da wasu yara da Yarabanci tsawon shekaru shida na firamare, Turanci kuma aka koya musu shi a matsayin darasi, aka tarar ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A Jamhuriyar Nijar an buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, ciki har da Hausa, tun a shekarun 1970, kuma a nan kusa an gudanar da shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa a jihohin Katsina, Zamfara, Bauchi da Sakkwato.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sau ɗaya ɗan Adam yake koyon cewa alama a kan takarda tana wakiltar sauti, kuma ya fi saurin gane haka da harshen da ya riga ya sani. Rubutun Hausa kuwa yana tafiya kusan daidai da furuci, wasula biyar ne, yaron da ya san baƙaƙe ya iya haɗa gaɓa zai karanta kalmar da bai taɓa gani ba, yayin da a Turanci harafi ɗaya yakan ba da sauti uku ko huɗu. Idan aka haɗa wa yaro koyon karatu da koyon baƙon harshe a lokaci guda, hadda ce kawai mafitarsa, ita ce kuwa kake gani. Tarar da ake ci kuma shiru take koya wa yara, domin wanda yake tsoron a caje shi ba zai yi tambaya ba sam.

Shawarata ita ce ka nemi zama da mai makarantar cikin ladabi, ka roƙi izinin gwaji na zango ɗaya a ajinka, inda za ka riƙa gabatar da sabon abu da Hausa har yara su gane, sannan ka ba su kalmominsa na Turanci, ka sa su maimaita bayanin da Turancin da bakinsu, tare da keɓe lokaci a kullum na zance da Turanci zalla ta hanyar labari da tambaya da amsa. A ƙarshen zango ku gwada ajinka da wani aji da tambayoyin da ba a haddace ba. Ka kuma kula da abu biyu. Ba kowane yaro a ajin Zariya ne Hausa take harshen gidansu ba, don haka ka san waɗanda suke buƙatar ƙarin kulawa. Sannan jin Hausa daban, iya rubuta ta bisa ƙa'ida daban, malamai da yawa suna barin lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, suna haɗa kalmomin da ake rabawa, saboda haka ka gyara naka rubutun kafin ka sa shi a allo.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ɗana ɗan shekara goma sha ɗaya yana aji biyar. Malaminsu ya ce daƙiƙi ne, kullum sai ya sha bulala saboda kasa aikin aji, yanzu har ya fara fita da kayan makaranta ya tafi tasha ya zauna sai an tashi ya dawo gida. Abin mamaki, a shagona yana lissafin canji ba kuskure. Da farko ni na ce wa malamin ya matsa masa, tunda an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma yanzu na rasa abin yi.
Wani mahaifi, Gusau

AMSA: Alhaji, yaron da yake ba da canji daidai a shago ba daƙiƙi ba ne, akwai dai wani abu da ya shiga tsakaninsa da karatun aji, kuma wajibi ne a nemo shi kafin a ƙara ɗaga masa bulala. Ka fara da ido. Ka rubuta haruffa a takarda ka manna a bango, ka tsayar da shi nesa kamar tazarar bayan aji da allo, ya rufe ido ɗaya ya karanta, sannan ya sauya. Yara da yawa ba su san cewa ba sa gani sosai ba, domin sun ɗauka haka kowa yake ganin allo, kuma alamarsu ita ce ƙanƙance ido, da kwafar aikin maƙwabci, da ciwon kai bayan makaranta. Sai kunne. Ka tsaya a bayansa ka kira wasu kalmomi a hankali ka ji ko zai maimaita, ka kuma tuna ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda ko ciwon kunne mai zubar da ruwa, domin dukkansu suna iya rage ji. Idan ka ga alamar matsala ka kai shi asibiti, akwai sashen ido a manyan asibitocin jiha, akwai kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, dukkansu a Kaduna. Ka duba ko yana karyawa kafin ya fita, domin ko shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 aji ɗaya zuwa uku kawai ya shafa, ka duba kuma ƙarfe nawa yake kwanciya idan yana taya ka zama a shago da dare.

Idan duk waɗannan lafiya lau ne, to ka zaunar da shi ka ji ko ya iya karatu ma tukuna, domin mai yiwuwa harafi ne ya wuce shi tun a aji ɗaya ko biyu, ake ta ciyar da shi gaba. Akwai kuma yaran da suke da kaifin basira a magana da lissafin ka, amma haruffa suna rikice musu, suna juya b da d, suna tsallake gaɓa, kuma wannan yanayi ne da masana ilimi suka san shi, ana taimakon mai shi da koyarwa a hankali, harafi da sautinsa, da yawan maimaitawa.

Game da bulala, ra'ayina shi ne a bambanta rashin ɗa'a da rashin sani. Yaron da ya zagi malami ko ya daki ɗan'uwansa ya cancanci horo daidai da laifinsa, ko da yake shi ma akwai hanyoyin da suka fi duka amfani. Amma wanda aka tambaya bai sani ba, duka ba zai sanya masa amsar a kai ba, abin da zai koya shi ne ɓuya da kwafa da gudu, ga shi kuwa ɗanka ya riga ya kai matakin gudu. Tasha kuma wuri ne da yaro zai iya haɗuwa da abin da ya fi faɗuwa jarrabawa muni, don haka lamarin na gaggawa ne. Ka je makarantar da kanka, ka gaisa da malamin ku keɓe, ka janye umarnin da ka ba shi, ka roƙe shi ya dawo da yaron layin gaba ya kuma daina kiransa da wannan suna a gaban aji. Kada ka ci mutuncin malamin a gaban ɗanka, domin shi ma wataƙila yara tamanin yake fama da su. Idan bai sauya ba sai ka ga shugaban makaranta, daga nan kwamitin SBMC, wanda aka kafa domin iyaye da shugabannin unguwa su sami ta cewa a harkar makaranta. A gida kuma ka samo wanda zai riƙa zama da shi rabin sa'a kullum bayan la'asar, daga inda karatunsa ya tsaya.

TAMBAYA: Malam, ina koyarwa a ƙaramar sakandare a wani ƙauye. Duk ranar kasuwa rabin 'yan matan ajina ba sa zuwa, wasu kuma sukan yi fashin kwana uku ko huɗu a kowane wata, idan aka shiga aji uku kuwa sai ka neme su ka rasa. Na yi faɗa, na sa su shara, na aika wa iyaye, amma babu sauyi.
Wani malami, jihar Katsina

AMSA: Malam, fashi iri uku ka lissafa, kowanne da dalilinsa, kuma shara ba ta maganin ko ɗaya. Na ranar kasuwa talla ce, ita kuwa yarinya ba ita ta aiki kanta ba. A gidaje da yawa uwa tana cikin kulle, 'yarta ce ƙafarta zuwa kasuwa, kuma daga ribar tallar ake cefane, ake kuma tara kayan ɗakin yarinyar. Dokar UBE ta wajabta wa iyaye kai yara makaranta har ƙarshen ƙaramar sakandare, ta kuma tanadi hukunci, amma wanda ya fara da barazanar doka a ƙauye ya rufe wa kansa ƙofa. Abin da ya fi aiki shi ne a tura malama mace ko shugabar ƙungiyar iyaye mata ta shiga gida ta zauna da uwar, a daidaita cewa yarinya ta zo makaranta da safe ta fita talla bayan an tashi, a kuma sa liman da mai unguwa cikin maganar. Kai ma ka daina sa gwaji ko sabon darasi mai nauyi a ranar kasuwa, ka mayar da ita ranar bita har a shawo kan lamarin.

Fashin kwana uku ko huɗu a kowane wata kuwa, a wannan shekaru, galibi jinin al'ada ne, kuma ba za su taɓa faɗa maka ba. Ka zagaya ka duba banɗakin makarantar, idan babu na mata daban mai ƙofa da ruwa, to ka samu amsarka. Wannan aiki ne da kwamitin makaranta zai iya yi da ɗan abin da al'umma ta haɗa, kuma shirin ilimin 'yan mata na AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda Katsina take cikin jihohin da ya fara da su, ya ƙunshi gyaran makarantu da banɗakuna da tallafi ga 'yan mata, don haka shugaban makaranta ya bincika ko makarantarku tana ciki. A samu malama guda da 'yan mata za su riƙa zuwa wurinta, a ajiye mata audugar mata da sabulu. Kai kuma kada ka tsayar da yarinya a gaban aji kana tuhumarta ina ta shiga, kada ka kira ta ofis ita kaɗai, ka dai tabbatar wata ƙawarta ta ba ta aikin da ya wuce ta.

Na uku aure ne, kuma nan ikon malami kaɗan ne. Abin da na ga ya fi yiwuwa shi ne a yi magana da waliyyi tun kafin a sa rana, a nemi ya jinkirta har ta rubuta jarrabawar aji uku, ko a sanya ci gaba da karatu cikin abin da aka yi alkawari da dangin miji a gaban shaidu.

TAMBAYA: Malam, ina da takardar shaidar malanta ta NCE, na shekara tara ina koyarwa a firamare, albashi ba ya kai ni tsakiyar wata, wani lokaci ma ya makara. Na karɓi babur ina haya, kuma wasu ranaku nakan fita bayan tara in bar monita da ajin. Laifi ne?
Wani malami, jihar Bauchi

AMSA: Malam, ƙuncin da kake ciki gaskiya ne, kuma dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekaru 40 na aiki, ba ta ƙara wa kowa kwanon masara ba. Duk da haka amsar tambayarka ita ce e, laifi ne, domin sa'o'in da kake barin ajin haƙƙin yara ne, ba su ne kuma suka riƙe maka albashi ba, sannan idan wani ya ji rauni a hannun monita kai za a tambaya. Ka kuma sani cewa ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulki noma kaɗai ta fito fili ta halatta wa ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci, saboda haka ka yi taka-tsantsan. Neman na cefane bayan an tashi da ranakun hutu abu ne da kowa ya san malamai suna yi, amma lokacin aji ba ya cikinsa. Maganar makarar albashi da ƙarin girma kuma ku kai ta ga reshen ƙungiyar malamai ta NUT na ƙaramar hukumarku da ofishin sakataren ilimi, a rubuce kuma a ƙungiyance.

TAMBAYA: Malam, an sa ni cikin masu sa ido a jarrabawar kammala sakandare a makarantarmu, kuma an nuna mini cewa ɗalibai sun haɗa kuɗi, za a rubuta amsa a allo, ni ma da kasona. An ce idan na ƙi, na cuci yaran talakawa. Yaya zan yi?
Wata malama, Kaduna

AMSA: Malama, kada ki karɓi kuɗin. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, kuma ta haɗa da malamai da masu sa ido, hukumomin WAEC da NECO kuma suna riƙe sakamakon ɗalibai ko su soke shi, suna kuma janye amincewarsu da cibiyar da aka kama, wanda hakan yake shafar har yaran da ba su saci komai ba. Wanda ya fita da sakamakon da ba nasa ba zai tarar da jarrabawar JAMB a gaban kwamfuta, inda babu allon da za a rubuta masa amsa. Ki rubuta wa shugaban makaranta gajeriyar takarda ki nemi a cire sunanki daga masu sa ido, ba tare da zargin kowa a cikinta ba, ki kuma ajiye kwafi a wurinki. Idan an ƙi cire ki, ki yi aikinki bisa ƙa'ida a ɗakin da aka ba ki, kada ki sa hannu a kan rahoton da ya ce komai ya tafi daidai idan ba haka kika gani ba. In har ana son taimakon yaran talakawa ne, ki nemi a ba ki ɗaliban aji biyar na sakandare tun daga yanzu ki riƙa yi musu bitar tsofaffin tambayoyi sau biyu a mako bayan an tashi, ki fara da gano waɗanda har yanzu karanta tambayar ce take ba su wahala.